Jawabin Kwamitin Walwala: Wadda Idonta Ya Raunana Ba Ta Gama Fita Ba



Da muke shirin bikin nan mun buɗe littafin halartar taro, sai muka ga wani abu da ya tsaya mana a rai. Akwai sunayen da kuɗin adashinsu bai taɓa yin latti ba, amma masu sunan mun daɗe ba mu sa su a ido ba. Jika ce ke kawo kuɗin a ƙulle a bakin zani. Da muka bi gida-gida, amsar kusan ɗaya ce: "Ai Hajiya idon ne, ba ta fita." Wata ma da ita aka kafa ƙungiyar nan. Ta ce mana ba makantar ce ta fi damunta ba, a'a, ko buta ta ɗauka sai a ce, "Zauna, Inna, bari a kawo miki." Tausayi ne, mun sani. Amma wannan tausayin shi ya zaunar da ita a ɗaki har ƙafafunta suka fara sanyi.

Kafin komai, a kai ta asibiti. Binciken da aka yi a faɗin Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya nuna cewa a cikin makantar 'yan shekara 40 zuwa sama, yanar ido ce kan gaba, kuma yana aikin ɗan lokaci ne ake yi a cire ta. Asibitin Ido na ECWA da ke Kano da Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna duk suna yi. Don Allah a guji masu yawo gari-gari suna tura yana da tsinke, sun kashe idanu da yawa. Hawan jinin ido kuwa, wato gilakoma, daga gefe yake fara cin gani ba tare da ciwo ba, abin da ya ci ba ya dawowa, kuma yana bin dangi. In uwa na da shi, 'ya'ya su je a auna su.

To, wadda likita ya ce ganin ba zai dawo ba fa? A nan muke so mu daɗe.

Tafiya daga tsakar gida take farawa. Mai raunin gani da ƙwaƙwalwa take riƙe gidan: taku nawa daga ƙofar ɗaki zuwa randa, ina murhu, ina bayi. Ranar da kika ja turmi kika bar shi a hanya, ko kika sauya wa kujera wuri ba ki faɗa ba, kin rushe mata duk wannan lissafi. Ƙofa ta kasance a rufe ruf ko a buɗe gaba ɗaya, don rabin buɗewa shi ke fasa goshi. Igiyar shanya a ɗaga ta sama da kai. Rijiya a yi mata murfi mai nauyi, wannan ko don yara ma.

Jagora kuma yawancinmu ba mu iya ba, mu faɗa wa kanmu gaskiya. Mukan cafki hannunta mu yi ta ja, ko mu tura ta gaba kamar kura ta ruwa. Ita ya kamata ta riƙe ki, a damtse, sama kaɗan da gwiwar hannu, kina gabanta da rabin taku, jikinki na gaya mata inda za a juya. In an zo matsattsen lungu, ki mai da hannun bayanki, za ta gane ta koma bayanki. A bakin lambatu ko matakala ki tsaya cak, ki ce hawa ne ko sauka. Ban da "ga shi can". A ce dama ko hagu. Kuma in za ki tashi ki faɗa mata, kada ki bar ta tana hira da bango.

Sai sanda, wadda da yawa ke jin kunyarta saboda an saba ganinta a hannun mabarata. Farar sanda kayan aiki ce, har rana aka ware mata a duniya, 15 ga Oktoba. Tsawonta daga ƙasa zuwa ƙirji. Ana kaɗa ta dama da hagu daidai faɗin kafaɗa: ƙafar dama in ta yi gaba, sanda na hagu tana duba inda ƙafar hagu za ta sauka. Hausawa sun ce in ka ji makaho ya ce a yi wasan jifa, ya taka dutse. To, sandar ce ke sa ta san abin da za ta taka kafin ta taka. Sauran aikin na kunne ne da hanci: ƙarar injin markaɗe, lasifikar masallaci, ƙamshin mai ƙosai a kwana. A fara da hanya ɗaya tak, misali daga gida zuwa nan, a yi ta maimaitawa, mai rakiya na biye a baya da bakinta a rufe. Tsallaka babban titi dai, da yadda babura da Adaidaita Sahu ke gudu, mu shawararmu a nemi a tsallakar da ita, babu kunya a ciki. Kuɗin mota kuma a ninke su daban-daban, ɗari biyu ninki ɗaya, ɗari biyar ninki biyu.

Abin da ba za mu yarda da shi ba shi ne a cire yarinya daga makaranta a ce ita ce 'yar jagora. An rufe mutum biyu ke nan. Yaron da aka haifa da lalurar ma makarantarsa na nan, ta Gindiri tun 1953 take koyar da makafi, kuma dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya an sa mata hannu tun Janairun 2019.

A taron wata mai zuwa kowa ta zo da gyale na biyu. Za mu ɗaure idanu bibbiyu, ɗaya ta ja ɗaya daga zaure zuwa bakin titi, sannan a sauya. Waɗanda muka ziyarta kuma za mu je mu ɗauko su da kanmu, su za su gaya mana inda muke kuskure.