Harara-garke a Idon Jariri: A Daina Cewa Sai Ya Girma

Uwargida da ke bakin murhu, a ɗan rage wuta. Maigida da ke shirin tafiya fadama, dakata ka ji, maganar idon ɗanka za mu yi.

Kwanakin nan kiran waya ya yi yawa a kan abu guda. Daga Argungu, daga Gulma, daga Ambursa, har nan cikin Birnin Kebbi, iyaye na tambaya game da jaririn da idonsa ɗaya ya karkace, abin da muke kira harara-garke. Kusan duk wanda ya kira sai ya ce an gaya masa a ƙyale yaro, idon zai miƙe da kansa idan ya girma. To, wannan maganar ce na zo in yi faɗa da ita yau, domin ta jawo wa yara da yawa asarar ganin ido guda.

Maganar tana da ɗan tushe, shi ya sa take kama zuciya. A watannin farko idanun jariri ba su gama koyon tafiya tare ba, sai ka ga ɗaya ya ɗan zame ya dawo. Wannan ba abin tayar da hankali ba ne, matuƙar jefi-jefi yake yi, kuma ya daina kafin wata 4. Amma idan yaro ya wuce wata 4 ido na nan yana karkacewa, ko kuma tun ranar suna a karkace yake ba ya dawowa, to wannan ba ya miƙewa da kansa. Inna, kin ji ko? Ba ya miƙewa da kansa.

Ga abin da ke faruwa. Idan idanu biyu ba wuri ɗaya suke kallo ba, hoto biyu ke isa ƙwaƙwalwa. Babba zai ce yana ganin abu biyu-biyu. Ƙwaƙwalwar jariri kuwa sai ta zaɓi idon da ke miƙe, ta yi watsi da karkataccen. Ido lafiyarsa lau, amma tunda ba a aiki da shi, ba ya koyon gani. Wannan koyon kuma yana da wa'adi, galibi zuwa shekara 7 ko 8. Bayan nan likita zai iya miƙe idon ya yi kyau a fuska, amma da wuya ganin ya dawo yadda ya kamata.

Wata baiwar Allah ta kira mu daga wajen Argungu, muryarta na rawa. Ta ce, "Malam, ɗiyata shekara 9, tun tana goye na ga idon, kakarta ta ce haka ubanta ya yi." Sai da tsokanar yara ta sa yarinyar ta ƙi zuwa makaranta aka kai ta asibiti. Da aka rufe lafiyayyen idon, ko babban harafin da ke saman allon gwajin gani da ƙyar ta gane. Wallahi abin ya tsaya mini a rai.

Iyayenmu kakanni, a gafarce ni, mun san ƙaunar jika ce, amma a wannan a bar wa likita. Kai kuma maigida, kai da ba ka yarda lokacin dashen shinkafa ya wuce ka, don ka san iri idan ya tsufa ba ya yin albarka, yaya za ka bari lokacin idon ɗanka ya wuce a kan kuɗin mota?

To yaushe ake aiki? Ba kowane harara-garke ke kaiwa ga tiyata ba. Yaron da idonsa ya fara karkata ta wajen hanci yana shekara 2 ko 3, sau da yawa tabarau ne maganinsa. Wani kuma za a riƙa rufe masa lafiyayyen idon na wasu awoyi kullum, don a tilasta wa karkataccen ya yi aiki. Zai yi kuka, zai fizge, a daure. Amma jaririn da idonsa ya karkace sosai ta ciki tun kafin wata 6, shi kam galibi sai aiki, kuma likitocin ido sun fi son a yi shi tsakanin wata 6 da shekara 2, lokacin da ƙwaƙwalwa ke iya koyon haɗa idanu biyu. Kun ga ke nan mai cewa sai ya girma, lokacin aikin kansa yake cinyewa.

Masu cewa ƙwaƙule idon ake yi a ajiye a faranti, wannan ƙarya ce. Kowane ido yana da tsoka 6 da ke juya shi, a jikinsa ta waje suke manne. Su ake sassautawa ko a ɗaure, ba a fitar da ƙwayar ido. Ana sa yaro barci, yawanci a sallame shi a ranar ko washegari. Idon zai yi ja na 'yan makonni, kuma wasu yaran sai an sake aiki na biyu.

Yanzu wanda hankalinsa ya tafi wani wuri, ya dawo. Wani lokaci karkacewar alama ce ta babbar cuta a cikin idon. Idan kika ga tsakiyar baƙin idon yaro ya yi fari, ko yana ƙyalli fari idan tocila ta haska shi, ko a hoton waya, kada ki jira ranar kasuwa. Yana iya zama yanar ido da aka haife shi da ita, yana iya zama ciwon dajin ido, wanda ya fi kama yara 'yan ƙasa da shekara 5. A ƙasashen da ake gano shi da wuri, fiye da 9 cikin 10 na yaran suna rayuwa. A nan kuwa sau da yawa sai ido ya kumbura ya fito ake zuwa asibiti. Abin da "bari ya girma" ke haifarwa ke nan.

Sauran a gurguje, lokaci na ƙurewa. Tozali, ruwan nono da ruwan ganye ba sa miƙe ido, suna ma iya jawo ciwo. Fitilar ɗaki ba ta kawo harara-garke, ba kuma laifin uwa ba ne, kodayake yakan bi jini, kuma ya fi samun bakwaini. Wani yaron faɗin karan hanci ne kawai ke sa a zaci idonsa a karkace yake, amma ma'aikacin ido ne zai tabbatar da haka.

Ranar rigakafin mako 14, ki ce wa malamar asibiti ta duba idon. Na Argungu ku fara da Babban Asibitin garin. A Birnin Kebbi akwai Asibitin Sir Yahaya da Asibitin Koyarwa na Tarayya, wanda muka saba kira FMC. Idan an tura ku Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, ko Asibitin Ido na ECWA a Kano, ku tafi, kada takardar ta kwana a ƙarƙashin katifa.

Duk mai jaririn da ya wuce wata 4 idonsa a karkace, don Allah cikin makon nan a kai shi a duba. Allah ya raya mana su, sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.