Tsakanin "Very" da "Too": Jawabi ga Ɗalibai da Matasan Ma'aikata



Maƙasudin jawabina shi ne wata ƙaramar kalmar Turanci wadda take jawo mana hasara a jarrabawa da ofis, watau "too". Da yawanmu muna ɗaukarta tamkar babbar yayar "very", muna zaton in an ce "very" an ƙarfafa magana, in kuwa an ce "too" an ƙara mata ƙarfi. Wannan kuskure ne.

Mu dubi asali. "Very" ta shigo Turanci daga tsohon Faransanci, bayan Normawa sun ci Ingila a 1066, ma'anarta ta farko kuwa ita ce "na gaskiya". Ashe daidai take da namu "da gaske" ko "ƙwarai". Amma "too" tana nufin abu ya wuce kima, har ya hana wani abu faruwa.

Mu ɗauki misali daga gida. Ranar Alhamis mutum ya tashi daga Gumel zuwa kasuwar Maigatari sayen rago. In ya ce ragon "very expensive" ne, ya yi tsada ƙwarai, amma mai yiwuwa ya daure ya biya. In kuwa ya ce "too expensive", to, ciniki ya watse, ya koma gida da igiya a hannu. Hausa ma ta rarrabe su sarai: "yana da tsada ƙwarai" daban, "ya cika tsada" daban.

Yanzu ku dubi ma'aikacin da zai rubuta rahoton shekara a kan na ƙasa da shi. Yana son ya yabe shi da lura, sai ya rubuta "too careful". Mai karantawa zai fahimci cewa mutumin ya cika nawa da ɗari-ɗari, aiki ba ya fita daga hannunsa. Da kalma guda an tauye wa bawan Allah ƙarin girma, alhali alheri aka nufa.

Saboda haka kafin ku rubuta "too", ku juya jimlar zuwa Hausa. In "ya cika" ko "ya yi yawa" ta zauna, ku rubuta. In "ƙwarai" ce ta zauna, "very" kuke nema. Magana zarar bunu ce, balle wadda ta shiga fayil.