Rebecca Gratz: Matar da Ta Riƙe Alƙalamin Ƙungiya

Yau za mu leƙa birnin Filadelfiya na ƙasar Amurka, mu ji labarin wata Bayahudiya mai suna Rebecca Gratz, wadda aka haifa a 1781, ta rasu a 1869.

'Yar gidan attajirai ce. Da ta so, da ta miƙe ƙafa ta ci ta sha, babu mai ce mata don me. Amma tana 'yar shekara 20, a 1801, ta shiga sahun matan da suka kafa ƙungiyar taimakon mata da yaran da talauci ya auka wa. A 1815 da ita aka kafa ƙungiyar kula da marayun birnin. A 1819 kuma suka kafa ƙungiyar agaji ta mata Yahudawa, domin mabukata su sami abinci da sutura ba tare da an nemi su bar addininsu ba. A 1838 ta buɗe wa yaran Yahudawa makarantar addini ta ranar Lahadi, irinta ta farko a Amurka.

To, kin san muƙamin da ta fi daɗewa a kai? Sakatariya. Shekara wajen 40 tana riƙe da alƙalamin ƙungiyar marayun nan. Ita ce rubuta abin da aka zartar a taro, ita ce amsa wasiƙu, ita ce haɗa rahoto. Aiki ne da ba a yi wa guɗa, amma shi ke riƙe ƙungiya ranar tsanani. A 1822 gobara ta cinye gidan marayun, yara 23 suka mutu. Ƙungiyar ba ta watse ba, jama'a suka kawo gudummawa aka sake gini.

Rebecca ba ta taɓa aure ba, amma da ƙanwarta Rachel ta rasu a 1823, ita ta riƙe 'ya'yanta shida. Ƙungiyar agajin nan ta 1819 kuwa ta haura shekara 200 tana aiki.

Ke da kike cikin ƙungiyar mata, ki duba da kyau. Ƙungiyoyi nawa suka mutu saboda kowa na son kujerar shugaba, babu mai rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita? Ranar zaɓe, ku fara neman mai amana ku danƙa mata littafi.

Sai mako mai zuwa, a huta lafiya.