Naira Da Sefa: Jawabi Ga 'Yan Keffi Mazauna Kudu

Batun da ke gaban wannan zama shi ne kuɗi, watau nairar Nijeriya da sefar Jamhuriyar Nijar, da yadda darajar kowacce ta yi ta hawa da sauka. Magana ce wadda ta shafi duk ɗan Keffi mai neman abinci a Agege, ko Sabon Ibadan, ko Shagamu, gama shanun da ake gangarowa da su daga Nijar, da kayan da ake ɗaukowa daga Kwatano, da ɗan abin da mutum ke aika wa iyalinsa gida, dukkansu a wuyan canji suke rataye.

Sa'ad da Abdu Zanga ya kafa Keffi, wajen shekarar 1800, babu naira, babu sefa. Wuri shi ne kuɗi tun daga Keffi har Zazzau da Katsina da Maraɗi. Baturen nan matafiyi, Barth, wanda ya shiga Kano cikin 1851, ya tarar ana ba da dalar azurfa guda a kan wuri 2,500. Falke yakan ɗora kuɗinsa bisa jaki ya keta ƙasashen nan ba wanda zai ce masa sai ya canja.

Zuwan Turawa ne ya raba kuɗin. Cikin 1902 Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Maloni, ya nufi Kano, a shekara mai zuwa kuwa Ingilishi suka ci Kano da Sakkwato. Suka zo da fam da sule da sisi da taro da kwabo da anini, suka kuma nace a biya haraji da su. Cikin 1912 aka kafa hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma, fam ɗinta daidai da fam na Ingila. Can ƙetaren iyaka kuwa Faransawa suka shigo da nasu kuɗin, ran 26 ga Disamba, 1945, suka ƙago sefa. Har yanzu in Banijare ya ce dala, sefa 5 yake nufi, in ya ce jaka, sefa 1,000 ke nan. A nan gida kuwa jaka fam 100 ce, shi ya sa tsofaffi ke kiran naira 200 jaka guda.

Daga nan hanya ta rabu biyu. Nijeriya ta buɗe Babban Bankinta ran 1 ga Yuli, 1959, ta buga nata fam. Da Ingila ta karya darajar fam ɗinta cikin Nuwamba, 1967, Nijeriya ta ƙi binta. Ran 1 ga Janairu, 1973, zamanin Janar Gowon, aka fito da naira, sule 10 ya zama naira ɗaya, fam ɗaya ya zama naira 2. Nijar kuwa, bayan samun mulkin kai cikin 1960, ta zauna cikin rukunin ƙasashe masu sefa, sefa 50 a kan faran ɗaya na Faransa, ita Faransa ce ke tsaya wa kuɗin.

Zamanin garaɓasar man fetur naira ce sarauniya. Cikin 1980, a farashin gwamnati, naira ɗaya ta fi dalar Amurka ɗaya da rabi, jakar sefa kuwa ba ta kai naira 3 ba. Amma ƙarfin nan bisa ƙafa ɗaya ya tsaya, watau fetur, alhali kuwa an yi sakaci da gyaɗa da auduga. Da farashin mai ya fara faɗuwa daga 1981, kuɗin waje suka yi ƙaranci, kasuwar bayan fage ta bunƙasa. Cikin Afrilu, 1984, gwamnatin Janar Buhari ta sake launin takardun naira, ta rufe iyakoki, fatake da yawa a Maraɗi da Ƙwanni suka wayi gari da tsofaffin takardu a hannu. Cikin Satumba, 1986, gwamnatin Janar Babangida ta saki naira a kasuwar gwanjo, dala ɗaya ta koma wajen naira 4.

Kada kuma a ɗauka sefa ba ta taɓa tuntuɓe ba. Ran 12 ga Janairu, 1994, aka raba darajarta biyu dare ɗaya, faran ɗaya ya koma sefa 100. Mai ajiyar jaka goma ya kwana da goma, ya tashi da ƙarfin biyar a kasuwar duniya. Daga 1999 aka ɗaura ta jikin yuro, sefa 655.957 a kan yuro ɗaya. Ita kuwa naira ta ci gaba da gangara. Zamanin Janar Abacha an tsai da farashin gwamnati wajen naira 22 a kan dala. Cikin Yuni, 2023, gwamnatin Shugaba Tinubu ta saki canji, dala ta tashi daga wajen naira 460 zuwa fiye da 700, cikin Fabrairu, 2024, ta haura 1,500. A cikin shekarar 2024 ɗin jakar sefa ta wuce naira 2,000.

Dalilin wannan bambanci ba ɓoyayye ba ne. Ƙasashe takwas ke tarayya cikin babban bankin sefa da ke Dakar, saboda haka babu gwamnati guda da ke da ikon sa shi ya buga mata kuɗi yadda ta ga dama. Wannan ya hana tsada gudu, amma ya ɗaure hannun ƙasashen, bai kuwa raba Nijar da talauci ba. Nijeriya ta riƙe ikon kuɗinta a hannunta, sai dai duk sa'ad da gwamnati ta ci bashin Babban Banki fiye da kima, ko ƙasa ta sayo fiye da abin da ta sayar, talaka ne ke biya a wajen mai awo.

To, jama'a, abin lura ga mazaunin kudu abu uku ne. Na ɗaya, takardar kuɗi ba ma'ajin dukiya ba ce. Canjin 1984, da wahalar takardun kuɗi ta farkon 2023, sun isa gargaɗi ga mai cusa kuɗi cikin katifa. Na biyu, wanda zai ci bashin sefa alhali cinikinsa da naira yake yi, ya san cewa bashin na iya ƙaruwa ko da ba a ɗora masa ruwa ba, saboda haka a rubuta da wane kuɗi za a biya, a gaban shaidu. Na uku, abin da aka tara domin gida a mai da shi gona, ko dabba, ko karatun yara a Keffi tun yana da daraja, gama da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

Allah ya sa albarka cikin nema, ya mai da kowa gida lafiya. Wassalam.