Zunubi, Lahira da Zambon Mulki a Ajin Adabi na Sakandare



A makarantun sakandare an saba raba wasu littattafai gida biyu, alhali aikinsu ɗaya ne. Waƙoƙin wa'azi, waɗanda ke siffanta kabari da hisabi da wuta, akan bar su ga hadda da ladabi, ba a cika tambayar yadda aka gina su ba. Littattafan zambo kuwa, watau waɗanda ke zana ƙasar da mulki ya lalace a cikinta har ta zama kurkuku, akan karanta su tamkar tatsuniya, a haddace sunayen taurari domin jarrabawa. Wannan lacca za ta nuna cewa idan malami ya haɗa su a gaban ɗalibai, tambaya guda za ta fito, wadda ta fi kowace amfani ga yaron da gobe zai riƙe ofis: wa ake tsoratarwa da lahira, kuma wa ake lallashi da ita?

Ya kyautu a fara da abin da ɗalibin Hausa ya taso yana ji. Bayan da jihadi ya yi nasara, mulki ya dawo hannun jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Shehu ya tsara waƙa da Fulatanci, wadda 'yarsa Nana Asma'u (1793-1864) ta mayar Hausa, aka san ta da Tabban Haƙiƙa. Abin lura shi ne waɗanda waƙar ta fuskanta. Ba maƙiyan da aka ci da yaƙi ba ne. Mutanen gida ne: mai sarautar da ya ci dukiyar talakawa, alƙalin da ya karɓi toshiya ya karkata hukunci, mai ƙwace gonar wani, mai algus a kasuwa. Kowane laifi da aka ambata sai amshi ya biyo da ambaton makomar mai shi. Malami mai basira zai sa ɗalibai su jera laifuffukan nan a allo, sa'an nan ya tambaye su nawa ne daga ciki aka yi wa mutane. Za su ga da kansu cewa waƙar tana maganar kotu da kasuwa da fada ne, ta yi amfani da wutar gobe domin ta haska zaluncin yau.

Daga nan sai a ƙetara zuwa Italiya. Dante Aligiyeri, wanda aka haifa a birnin Fulorens a 1265, ya riƙe muƙami a mulkin garinsu, aka kore shi a 1302 sakamakon rikicin ɓangarori, bai sake komawa ba har ya rasu a Rabenna a 1321. A zaman gudun hijirar nan ne ya tsara babbar waƙarsa mai babi 100, wadda ta kasu uku: wuta, da wurin tsarkake masu laifi bisa aƙidar Katolika, da aljanna. Ya rubuta ta da harshen mutanen yankinsa, ya bar Latin na malamai, kamar dai yadda malaman Sakkwato suka sauko daga Larabci zuwa Fulatanci da Hausa domin saƙo ya isa kunnen kowa.

Wutar Dante rami ne mai hawa tara, kuma dabarar da ta fi jan hankalin ɗalibai ita ce yadda azaba ke ɗaukar kamannin laifi. Masu duba, waɗanda suka yi da'awar hango gaba, an murɗe musu wuya, fuska na kallon baya, hawayensu na zuba a gadon bayansu. Munafukai suna tafe a hankali cikin alkyabba mai ƙyallin zinariya a waje, cikinta kuwa dalma ce mai nauyi. Ma'aikatan hukuma da suka sayar da amanar ofis an dulmuya su cikin tafasasshen kwalta, domin a ɓoye suka yi harkarsu, kuma duk abin da suka taɓa sai ya manne musu. (Abin mamaki, wannan laifin ne aka tuhumi Dante da shi lokacin da aka kore shi, shi kuwa ya musanta.) A can ƙasan ramin babu harshen wuta ko ɗaya, ƙanƙara ce, a cikinta aka daskarar da maciya amana. Har fafaroma bai tsira ba, gama an kifa Nikolas na Uku da kansa a cikin rami saboda cinikin muƙaman coci, yana jiran wanda zai biyo shi. A nan ɗalibi zai koyi abin da ake nufi da siffantawa a adabi, watau a ɗauki halin da ba a gani, a ba shi jiki.

Akwai wani wuri da bai kamata malami ya yi wa ɗalibai rufa-rufa a kansa ba. A babi na 28 na kashin farko, Dante ya ci mutuncin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da Sayyidina Ali. Ba sai an karanta babin a aji ba, amma gara ɗalibi ya ji daga bakin malaminsa cewa yana nan, kuma ya fito ne daga jahilci da gabar Turawan zamanin yaƙe-yaƙen 'yan Salibi, da ya je ya tsince shi daga baya ya ɗauka an yaudare shi. Dante ɗin nan kuma shi ne ya ajiye Ibn Sina da Ibn Rushd da Salahuddin a hawa na farko, inda babu azaba, tare da manyan masanan Girka. A 1919 wani malamin Sifen, Migel Asin Palasiyos, ya kawo hujjojin cewa labaran Mi'iraji sun yi tasiri a kan tsarin waƙar, kuma masana sun daɗe suna muhawara a kai.

Sai kuma Joj Owel, wanda sunansa na yanka Erik Bileya. An haife shi a Indiya a 1903, ya yi aikin ɗan sandan mulkin mallaka a Bama daga 1922 zuwa 1927, ya kuma yi yaƙi a Sifen, inda ya ga yadda magoya bayan Sitalin ke farautar abokan gwagwarmayarsu. Littafinsa Animal Farm ya fito a 1945, Bala Abdullahi Funtuwa ya fassara shi zuwa Hausa da sunan Gandun Dabbobi a 1975. Dabbobi sun kori Nomau domin su mallaki guminsu, suka rubuta dokoki a bango, sannu a hankali aladu suka riƙa yi wa dokokin kwaskwarima da dare. Akawal, dokin da ya fi kowa aiki da biyayya, da ƙarfinsa ya ƙare sai aka sayar da shi ga mai yanka dawaki, aka sayi giya da kuɗin. A ƙarshe an kasa bambanta aladu da mutane.

Malamai da yawa sukan tsaya a kan cewa Maitumbi shi ne Sitalin, Ɗantulu kuma Turoski. Wannan gaskiya ne, amma ɗalibin da ya tsaya a nan tarihin Rasha ya koya, bai koyi karatun adabi ba. Tauraron da ya fi dacewa da darasin yau shi ne tsuntsun nan da ba ya aikin komai, sai ba dabbobi labarin wani dutse na alewa a bayan gajimare, inda kowace dabba za ta huta bayan mutuwa. Da farko aladu sun ƙaryata shi. Da mulki ya zauna musu, yunwa ta tsananta, sai suka ƙyale shi ya ci gaba, har suna ba shi rabon giya. Ga lahira ta sake bayyana, amma an juya ta. A Tabban Haƙiƙa da waƙar Dante, an ɗaga lahira a kan mai mulki domin ya ji tsoro. A gandun, mai mulki ne ya ɗauki hayar mai wa'azi domin talaka ya yi shiru. Ɗalibin da ya iya rarrabe waɗannan biyu ba zai ɗauka Owel na zagin imaninsa ba, kuma ba zai ƙara sauraron kowane wa'azi ba tare da duba wanda wa'azin ya amfana ba.

Littafin Owel na ƙarshe, Nineteen Eighty-Four, wanda ya fito a 1949, watanni kaɗan kafin rasuwarsa a 1950, ya fi nauyi, kuma ya fi dacewa da ajin ƙarshe. A cikinsa hukuma ta ƙwace siffofin da ba nata ba: tana ganin kowa a kowane lokaci, tana hukunta tunanin zuci, tana da ɗakin azaba inda ake haɗa kowane mutum da abin da ya fi tsoro. An gina wuta a duniya ke nan, sai dai babu mizani, babu adalci. Mai waƙar wa'azi, komai tsananin siffantawarsa, yakan bar ƙofar tuba a buɗe, kamar yadda Aliyu Namangi ya yi a Imfiraji. Winston Simit kuwa an karya shi ne har ya ƙaunaci wanda ya karya shi.

Game da tsarin koyarwa, zango ɗaya ya isa. A fara da waƙar Hausa, a rera ta da murya, domin don kunne aka yi ta. A biyo da babi uku ko huɗu na Dante a taƙaice, sa'an nan Gandun Dabbobi gaba ɗayansa. Aikin gida mafi amfani shi ne a ce kowane ɗalibi ya zaɓi laifi guda da ya sani a rayuwar jama'a, kamar tauye mudu ko ɓoye fayil sai an ba da goro, ya siffanta sakamakon da ya yi kama da laifin a shafi ɗaya, da sharaɗin kada ya ambaci sunan kowa, kada kuma ya yanke wa wani rayayye hukuncin wuta, domin wannan ba hurumin ɗan aji biyar ba ne, ba kuma na malaminsa ba.