Ƙwayoyin Hana Gajiya da Ciwon Zuciya

Jama'a, akwai direbobi da 'yan ƙwadago masu shan ƙwayar amfetamin don su kori barci da gajiya. Wasu kuwa hodar iblis suke shaƙa. Lalle ya kamata su san abin da waɗannan ke yi wa zuciya.

Zuciyar baligi mai lafiya takan buga sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya idan yana hutawa. Ƙwayar nan takan sa ta yi sauri, jini kuma ya hau. A lokacin nan ne jijiyoyin da ke ciyar da zuciyar kanta suke tsukewa. Watau an ƙara wa jaki kaya, an rage masa harawa. Idan jini ya daskare ya toshe jijiya, sai wani sashe na naman zuciya ya mutu, ko da mutum saurayi ne.

Alamunsa su ne nauyi a ƙirji mai gangarawa hannun hagu, da zufa, da sarƙewar numfashi. Wanda ya ji haka a kai shi asibiti nan da nan, kuma kada a ɓoye wa likita abin da ya sha.