Kuɗinki Ne, Ki Nemi Abinki



Yau zancen kuɗin nan za mu yi da banki kan zaftare ba gaira ba dalili. Kin tara ribar ƙuli-ƙulinki ko ta gyaran zoɓo, kin ba yaro kati ya ciro miki dubu biyar wurin mai POS. Ya dawo hannu rabbana, wai ba sabis, ga shi kuwa saƙo ya shigo wayarki an cire kuɗin. Yawancinmu sai mu ce Allah ya isa, mu ja bakinmu. To 'yar'uwa, ba sadaka kika bayar ba.

A watan Yunin 2020 Babban Bankin Nijeriya, wato CBN, ya yanka wa bankuna wa'adi. In na'urar ATM ta bankinki ce ta riƙe kuɗin, a maido nan take, in ya yi tsanani awa 24. In ta wani bankin ce, awa 48. Na POS kuwa awa 72, kwana uku ke nan. Ba alfarma za a yi miki ba, umarni ne.

Abin da ke kayar da mu shi ne rashin shaida. Kar ki goge saƙon nan, ko da wayar ta cika. 'Yar takardar da na'urar mai POS ta fitar, ki sa yaro ya karɓo, ki adana ta a ƙasan adakarki. Sannan a rubuta ƙorafi da sunanki: lambar asusu, rana, nawa aka cire. Ba sai kin fita ba, ana iya aikawa ta imel ko a kira layin ƙorafin da ke bayan katin. In kuma maigida ko ɗanki ne zai kai takardar, ya tabbata an ba shi lambar ƙorafi. Wannan lambar ita ce igiyar akuyarki. "Ku dawo gobe" ba amsa ba ce.

In mako biyu ya wuce shiru, sai a kai ƙara Sashen Kare Haƙƙin Abokan Hulɗa na CBN, a haɗa da kwafin takardar farko. Suna da reshe a Dutse.

Kar ki ce talaka bai isa ya ja da banki ba. A Ingila, a 2006, hukuma ta ce tarar da ta haura fam 12 a kan katin bashi za ta ɗauke ta a matsayin zalunci, mutane suka yi ta rubuta wasiƙa ana maido musu da kuɗinsu.

Amma fa ki kula. Duk wanda ya bugo ya ce daga banki yake, ki faɗa masa lambar sirrinki ya maido miki da kuɗi, ɓarawo ne, ki kashe wayarki.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A gaida yara.